Ma'anar "medieval reenactment": masu ɗaukar iyali su tafi zango a zamanin da ya wuce

Wanda ya ci karo da hotonsu a waya zai rantse shirin fim ake yi. Ƙarti ne sanye da sulke da kwalkwali, kowa da garkuwa a hannu, suna gwabzawa a wani fili mai ciyawa. Bayansu tantuna ne jere kamar rumfunan kasuwar ƙauye, ga wata mata cikin doguwar riga tana juya tukunya a kan murhu. Sai ka ƙura ido ka ga babu darakta, babu masu haska fitila, can gefe kuma wani jarumi ya tuɓe kwalkwali ya maƙala tabarau yana duba ɗansa da ya faɗi. Wannan harka ita Turawa ke kira medieval reenactment.

Kalmar farko daga Latin ta fito, medium aevum, wato zamanin tsakiya. Masana tarihin Turai suna nufin wajen shekara dubu, daga faɗuwar daular Rum ta yamma a 476 zuwa kusan 1500. In ana son ma'auni na kusa da gida, hajjin Mansa Musa na 1324 da sarautar Muhammadu Rumfa a Kano, daga 1463 zuwa 1499, duk a cikin wannan tsakanin suka faɗo. Kalma ta biyu kuwa tana nufin sake aikata abin da ya riga ya faru. Da Hausa sai baki ya yi saurin cewa "wasan kwaikwayon tarihi", amma ni dai ban gamsu da fassarar ba, domin wasan kwaikwayo don 'yan kallo ake yinsa, su kuwa da yawansu don kansu suke yi. "Raya tarihi" ya fi kusa.

Harkar iri biyu ce. Akwai wadda ake maimaita wani yaƙi sananne a inda aka gwabza shi ko kusa da wurin. A Ingila duk watan Oktoba ana sake yaƙin Hastings na 1066, a garin Tewkesbury ana sake na 1471, a ƙasar Folan kuma duk Yuli ana sake yaƙin Grunwald na 1410. A nan an san ƙarshen labari tun kafin a fara. Wanda aka ba matsayin Sarki Harold na Ingila, wanda aka kashe a ainihin yaƙin Hastings, komai ƙarfinsa da ƙwarewarsa, dole ya faɗi, bana da baɗi.

Iri na biyu, wanda ake raya rayuwar zamanin ba tare da maimaita wani yaƙi na tarihi ba, ya fi ban sha'awa a wurina, kuma a cikinsa ne zaman zango da iyali ya fi ƙarfi. Misalinsa babba shi ne ƙungiyar Society for Creative Anachronism, wadda aka fi sani da SCA. Ta samo asali ne daga wata gasar takobi da wasu abokai suka shirya a bayan gida a Berkeley ta jihar Kalifoniya a Amurka ranar 1 ga Mayu, 1966. Sunan ma da zolaya a ciki, domin anachronism shi ne abu ya bayyana a zamanin da ba nasa ba, kamar a ga agogon hannu a hannun wani mayaƙin Sarauniya Amina. 'Yan ƙungiyar sun raba duniya zuwa masarautu na ƙirƙira, kowace da sarki da sarauniya, kuma sarautar ba gado ba ce: gasar faɗa ake yi, wanda ya yi nasara ya hau tare da wanda ya yi faɗan dominsa, a yawancin masarautun bayan wata shida a sauka.

Taronsu mafi girma shi ne Pennsic War, wanda aka fara a 1972. Ana yinsa a filin zango na Cooper's Lake kusa da Slippery Rock a jihar Fensilbaniya, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Agusta, mako biyu cur, kuma mutanen da ke taruwa sukan kai wajen 10,000. Asalinsa "yaƙi" ne tsakanin Masarautar Gabas da Masarautar Tsakiya, sauran masarautu su zaɓi gefen da za su mara wa baya. Tsohuwar barkwancin wurin ita ce wanda aka ci da yaƙi shi zai karɓi birnin Pittsburgh. Cutar korona ta hana taron a 2020 da 2021.

Yaƙin shi ke cin hoto, amma sa'o'i kaɗan ne a cikin mako biyu. Sauran lokacin duk zaman zango ne, kuma a nan ainihin abin yake. Ba kowa ke kafa tanti inda ya ga dama ba. Mutane sukan zo rukuni-rukuni, abin da suke kira household, wato gida: mata da miji da 'ya'yansu, abokai na shekara ashirin, wani lokaci har da kaka. Ana yanka wa kowane gida fili gwargwadon yawan mutanensa da suka yi rajista tun da wuri, shi ya sa wanda ya yi nawa wajen rajista yakan sha mita, don ya rage wa gidan fili. Ranar isowa aikin gayya ne. A kafa tantunan zane masu turaku, a ɗaga babbar rumfar cin abinci a tsakiya, a haƙa ramin wuta, a kafa ƙofar shiga da tutar gida. Sai a raba aiki: wane ne da girkin Talata, wa zai sayo ƙanƙara, wa zai tsare yara yayin da iyayensu suka tafi fili.

Ƙanƙarar nan ita ce ke nuna yadda wasan yake. Kowa ya san babu kular sanyaya abinci a shekarar 1300, amma babu mai son ya ci naman da ya kwana uku a zafin Agusta. To sai a sa kular a cikin akwatin katako, ko a lulluɓe ta da mayafi. Waya tana cikin jakar fata a ƙugu. Maganin hawan jini yana cikin tanti. Bandaki na zamani ne, kuma ban taɓa jin wanda ya nemi a dawo masa da na asali ba. Suna da kalmominsu na wannan rayuwa biyu: tufafin zamanin da su ne garb, abin da ya dace da zamanin period ne, duk abin da ya shafi rayuwar waje kuwa, daga wandon jins har aikin ofis, mundane ne. Mutum yakan zaɓi suna da ƙasa da ƙarni, wannan ne persona ɗinsa, har ka tarar da abokan da suka shekara goma tare ba su riƙe sunan juna na yanka ba.

Da rana zangon kamar makaranta yake. Ana ba da darussa ɗaruruwa, 'yan'uwa ne ke koyar da juna: ƙira, saƙa, rini, dukanci, rubutun hannu, girki daga tsofaffin littattafai, rawa, harbi da kwari da baka. Yara na da nasu ajin da nasu takubban soso. Da dare a kunna kyandir da fitilu, a yi waƙa a bakin wuta, wasu unguwannin kuma kiɗa da shan giyar zuma har tsakar dare, shi ya sa masu ƙananan yara kan nemi gefen da ya fi shiru.

Faɗan kansa da sandunan ratan ake yi, wani itace mai kama da gora, a naɗe shi da salatif, amma kwalkwalin ƙarfe ne na gaske domin dukan ma na gaske ne. Babu alƙali mai ƙirga maki. Wanda aka doka shi zai yanke wa kansa hukunci: in dukan ya isa kisa ya faɗi, in a cinya ne ya durƙusa ya ci gaba a kan gwiwa, in a hannu ne ya mayar da hannun baya. Mai ƙin amsa duka sunansa ke ɓaci, kuma a wurin da kowa ya san kowa wannan horo ne mai zafi. Da zarar an yi ihun "Hold!" kowa zai tsaya cak, ko da mutum dubu ne a fili.

Sai dai zamanin da suke rayawa wankakke ne. Babu annobar da ta lashe wajen kashi ɗaya cikin uku na mutanen Turai daga 1347, babu yunwa, babu bauta, kuma kusan kowa ɗan sarauta ne, manomin da ke ciyar da fada ya yi ƙaranci. Su ma ba sa musu, sukan ce zamanin ne yadda ya kamata a ce ya kasance. Abu ɗaya da bai canza ba shi ne ruwan sama. Tun a 1839, da wani basarake ya shirya gasar mahaya irin ta da a Eglinton ta Sikotilan, ruwa kamar da bakin ƙwarya ya watsa taron, kuma har yau taɓo na cikin labarin da duk ɗan Pennsic ke bayarwa.

Bahaushe zai tuna da hawan Sallah, da 'yan lifidi da 'yan sulke a gaban sarki. Kayan sun yi kama, amma a hawan daushe sarkin na gaske ne, hakiman na gaske ne, jafin da ake yi kuma mubaya'a ce ga mai riƙe da ƙasa yau. Wancan kuwa sarki ne na wata shida wanda ranar Litinin zai koma gyaran kwamfuta.

Sharaɗin shiga taron SCA bai da tsauri: mutum ya yi ƙoƙarin sa tufafin kafin shekarar 1600, daga kowace ƙasa ta duniya, wanda ba shi da su ma rassa da yawa na da kayan aro. Ke nan ɗan Kano da ke zaune a Amurka zai iya zuwa da riga saƙi da rawanin turkuɗi ya ce shi falke ne na zamanin Rumfa, ya kafa tantinsa kusa da na wani mai kayan Andalus. In shadda ce mai aikin keke ya sa, babu mai korarsa, sai dai wata gwanar saƙa ta kama bakin rigar ta duba ɗinkin, ta tambaye shi ko yana da lokaci gobe da hantsi ya leƙo ajinta.