Waiwaye: Michael Morkov, mai share wa wasu hanyar nasara a tseren keke

Ranar 9 ga Yulin 2021, a garin Carcassonne da ke kudancin Faransa, Mark Cavendish ɗan Birtaniya ya ci zango na 13 na tseren Tour de France, ya kamo tarihin da tsohon gwanin keke Eddy Merckx ya kafa na cin zango 34 a wannan tsere. Ko'ina sunansa ake kira. Wanda ya zo na biyu a ranar abokin aikinsa ne, Michael Morkov ɗan ƙasar Danmak, kuma shi ne ya jawo Cavendish har bakin layi.

Aikin Morkov ke nan a kan titi. Mai tseren da ke bayan wani yana samun kariya daga iska, ƙarfin da zai kashe ya ragu sosai. Don haka ƙungiya kan ajiye gwaninta na gudun ƙarshe a bayan mutum guda da zai ratsa da shi cikin cunkoson kekuna, ana gudun da ya kusa kilomita 70 a awa, kafaɗa na gugar kafaɗa. Idan saura kamar mita 200, sai mai jan ya kauce, gwanin ya fito ya ƙarasa. Ya kauce da wuri, iska ta cinye gwanin. Ya makara, wasu sun riga sun wuce. Kuma sunan da za a rubuta ba nasa ba ne.

Ina ya koyi wannan lissafi? A filin katako na cikin ɗaki, inda ake zagaye da'ira mai tsawon mita 250 da kekunan da ba su da birki. An haife shi a 1985 a Kokkedal, arewa da Kopenhagen, a ƙasar da ta daɗe da al'adar tseren kwana shida. A 2008 ya samu lambar azurfa a gasar Olamfik ta Beijin tare da tawagar ƙasarsa, a 2009 kuma shi da Alex Rasmussen suka zama zakarun duniya a tseren Madison.

Madison ɗin nan sai an tsaya a kansa. Mutum biyu ne ƙungiya: ɗaya na cikin tsere, ɗaya na zagaye a hankali ta saman fili yana hutawa. Lokacin canji, mai tseren zai kama hannun abokinsa ya wurga shi gaba da dukkan saurin da ya tara, a tsakiyar kekuna sama da ashirin, har zagaye 200. Wanda ya shekara da shekaru yana wannan, ba ya buƙatar waiwayawa kafin ya san inda abokinsa yake. A ganina nan ne asirin Morkov. Abin takaici, bayan Beijin an cire Madison daga Olamfik, babu shi a 2012 da 2016, daidai shekarun da mutumin ke kan ganiyarsa.

Ba wai bai iya ci da kansa ba. A 2013 ya ci zango na 6 na babban tseren keke na Sifaniya, Vuelta, a garin Caceres, ranar da aka cimma Tony Martin ɗan Jamus saura 'yan mitoci bayan ya wuni shi kaɗai a gaba. Sau uku yana zama zakaran Danmak a titi: 2013, 2018 da 2019. Amma tun da ya koma ƙungiyar Quick-Step ta Beljiyam a 2018, duk gwanin da aka ɗora a bayansa sai ya haskaka: Elia Viviani, sai Sam Bennett da ya ɗauki koriyar riga, ta wanda ya fi tara maki a Tour de France, a 2020, sai Cavendish da mutane suka riga suka cire rai da shi.

Da Madison ya dawo a Olamfik ta Tokiyo a Agustan 2021, Morkov na da shekara 36. Shi da Lasse Norman Hansen suka ɗauki zinare. Haƙurin shekara 13 ne ya biya.

Shekarar da ta biyo, Tour de France ta tashi daga Kopenhagen, gaban mutanensa. A zango na 15 ƙarfinsa ya ƙare tun farkon hanya, aka bar shi a baya cikin zafin rana mai tsanani. Yana iya sauka ya shiga mota, bai yi ba. Ya tuƙa kusan dukkan zangon mai kimanin kilomita 200 shi kaɗai, ya iso bayan wa'adi ya wuce, aka fitar da shi daga tseren. Wannan ranar ta fi wasu nasarorin nuna ko wane ne shi.

A 2024 ya bi Cavendish zuwa ƙungiyar Astana, yana cikin waɗanda suka dafa masa ya yi nasararsa ta 35 a zangon Tour de France a garin Saint-Vulbas, ya zarce tarihin Merckx. Wata guda bayan haka ya samu tagulla a Madison na Olamfik ta Faris tare da Niklas Larsen, yana ɗan shekara 39. A ƙarshen shekarar ya jingine keke, hukumar tseren keke ta Danmak ta ba shi aikin kocin tawagar maza ta ƙasa a tseren titi.