Masu kamfani a Amurka, ku sake ƙirga ma'aikatanku

Assalamu alaikum 'yan uwa. A aikina na lafiya kusan kullum sai na haɗu da wanda ke aiki tun safe har dare amma ba shi da inshora, hawan jini na cinsa ya ƙi zuwa asibiti don tsoron kuɗin da za a caje shi, in ka tambaya ya ce ai oga bai taɓa yi musu maganar ba. Abin na damuna sosai, musamman da yake wasu ogannin namu ne, kuma da yawa ba mugunta ba ce, rashin sani ne.

Dokar da ake kira Obamacare, wadda aka sa wa hannu a 2010, ta ce duk mai ma'aikatan cikakken lokaci 50 ko sama da haka dole ya samar musu inshorar lafiya. Cikakken lokaci a wajen hukuma awa 30 ne a sati, ba 40 ba. To ga inda mutane ke faɗawa rami: sai mutum ya ce ai nawa 38 ne kawai sauran duk 'yan rabin lokaci ne, alhali su ma ana tattara awanninsu na wata a raba da 120 a ƙara a lissafi, kafin ka ankara ka haye 50 ba ka sani ba, sai dai ka ga takardar hukumar haraji ta IRS.

Kuma ba wai ka samo kowace irin inshora ka ce ka fita ba. Sai ka yi tayinta ga aƙalla kashi 95 cikin ɗari na masu cikakken lokaci, har da 'ya'yansu zuwa shekara 26. Sai tsarin ya ɗauki aƙalla kashi 60 na kuɗin jinya. Sannan abin da za a cire a albashin ma'aikaci na shi kaɗai kar ya wuce ƙa'ida, a 2025 kashi 9.02 ne na kuɗin shigar gidansa, kuma duk shekara ana canzawa, don Allah ku riƙa dubawa. Sabon ma'aikaci ma ba a barinsa ya jira fiye da kwana 90. In ka yi sakaci, mutum ɗaya tak daga cikinsu ya je Marketplace, wato kasuwar sayen inshorar lafiya ta gwamnati, ya samu tallafin gwamnati, tara ta hau kanka. Fom ɗin 1095-C kuma, wanda ake sanar da IRS tayin inshorar da aka yi wa ma'aikata da shi, kowace shekara ake cike shi.

Wanda bai kai 50 ba doka ba ta tilasta masa, gaskiya ne, amma ni dai ina roƙo a duba. In ma'aikatanka ba su kai 25 ba, albashinsu ba mai yawa ba ne, kuma kana biyan rabin kuɗin inshorar, ta hanyar SHOP, wato shirin gwamnati na inshorar ƙananan kamfanoni, za ka iya samun rangwamen haraji har kashi 50 na abin da ka biya, na shekara biyu a jere. Akwai kuma ICHRA da aka fara a 2020, kai ne za ka yanke abin da za ka iya duk wata, ma'aikaci ya sayi tsarin da ya dace da shi ka mayar masa ba haraji a kai.

Ku kuma ma'aikata, in an kawo muku tayi kar ku tsaya kan abin da ake cirewa a wata kawai, ku tambayi nawa za ku fara biya daga aljihu kafin inshorar ta kama, sannan ku duba ko likitanku da maganin da kuke sha suna ciki.