Besbol a Kwalejojin Amurka Kafin 1900: Tambayoyi da Amsoshi

Besbol wasa ne da mai jifa ke wurgo ƙwallo, mai bugu ya doke ta da sanda ya zagaye tasoshin fili da gudu don cin maki.

Yaushe kwalejoji suka fara karawa da juna?

Ranar 1 ga Yuli, 1859, a garin Pittsfield na jihar Massachusetts, Amherst ta lallasa Williams da maki 73 da 32. Da tsohuwar ƙa'idar Massachusetts aka buga, wadda ƙa'idar New York ta ture daga baya. Harvard da Yale kuwa sai a 1868 suka fara haɗuwa.

Me ya bambanta wasan lokacin da na yau?

Jifa, galibi. A ƙa'idar New York, mai jifa ta ƙasa yake wurgo ƙwallo, sai a 1884 babbar gasar ƙwararru ta yarda a ɗaga hannu sama da kafaɗa, kwalejoji kuma yawanci sawunta suke bi. Mai bugu har zaɓi gare shi, a jefo masa sama ko ƙasa, sai a 1887 aka soke wannan gata. Tazarar jifa ƙafa 45 ce, ta koma 50 a 1881, sannan ƙafa 60 da inci 6 a 1893. Dalilin ja da baya a fili yake: da jifa ta yi ƙarfi, mai bugu ya daina samun sukunin ganin ƙwallo.

Da gaske ɗalibi ne ya ƙirƙiro ragar kare fuskar mai cafkewa?

Ƙwarai. Mai cafkewa, wato wanda ke bayan mai bugu yana kama ƙwallon da aka jefo, a da nesa yake tsayawa, sai ƙwallo ta daki ƙasa ya kama. Amma jifa mai lanƙwasa ta shigo, irin wadda Joseph Mann na Princeton ya yi amfani da ita a 1875 ya hana Yale bugu mai kyau ko ɗaya, aka tashi 3 da 0. Dole mai cafkewa ya matso dab da bayan mai bugu. A nan ne ƙwallon da ta goga sanda ke sauya hanya ta sami hanci ko haƙori, ga yatsu tsirara suna tsagewa, don safar hannu ba ta yaɗu ba tukuna. Wasu roba kawai suke cizawa. Fred Thayer, kyaftin ɗin Harvard, ya kwaikwayi ragar masu wasan takobi, aka ƙera ta da waya mai kauri, James Tyng ya saka a Afrilun 1877. An yi masa ba'a, ana cewa tsoro ne. Ba a jima ba ƙwararrun ma suka ɗauka.

Ina rigima ta fi tasowa?

Kan kuɗi. An kafa ƙungiyar besbol ta kwalejoji a Springfield a Disamban 1879, nan take aka fara sa-in-sa kan wanda ya cancanci bugawa. Lee Richmond na Brown yana ɗalibi yana kuma karɓar kuɗi a ƙungiyar ƙwararru ta Worcester. Shi ne ranar 12 ga Yuni, 1880 ya yi jifa ya fitar da masu bugun ƙungiyar Cleveland 27 a jere, ba wanda ya taka ko da tasha ta farko. Wasu ɗalibai kuma da hutun bazara sukan buga wa otal-otal, su karɓi lada da sunan aikin hidima ko da sunan aro. Kama irin wannan da wuya, tunda kyaftin da manaja ɗalibai ne, su ke riƙe da kuɗin ƙofa.

Baƙaƙen fata sun samu shiga?

Kaɗan. Moses Fleetwood Walker ya cafke wa Oberlin a 1881, ya koma Michigan a 1882, ya kai babbar gasar ƙwararru da ƙungiyar Toledo a 1884, kafin wariya ta rufe ƙofar ƙwararru.