Ciwon Hajiya ya dawo, toh yanzu sai yaya?

Kwanaki na je dubiya wani gida a Tudun Wada, ko takalmi ban cire ba babban ɗan gidan ya tare ni a zaure, murya ƙasa ƙasa yace "Sista dan Allah kar ki nuna mata komai, mun ce mata ulsa ce ta tashi." Nace toh Alhaji na ji. Na shiga na gaida Hajiya, ta bari sai da jikoki suka fita sannan ta kamo hannuna ta ɗora a cikinta, ya yi tam kaman ganga, tace "'yar nan ai na san ya dawo, zanina ne ya fara gaya min, ya daina zagayowa. Shiru nake kar hankalin yaran nan ya tashi." Kun ji fa, su suna ɓoye mata ita tana ɓoye musu, gida ɗaya kowa na share hawayensa a bayi.

Kansar gidan ƙwai ce, wato wajen da ƙwan haihuwa ke fitowa a gefen mahaifa. Halinta kenan, ba ta cika nuna kanta da wuri ba, kafin a gano ta yawanci ta kai mataki na 3 ko na 4 ta bazu a cikin ciki, kuma a irin waɗannan ko an yi tiyata an yi kemo, wato allurar maganin kansa, an ce komai lafiya, wajen 7 cikin 10 ko ma fiye sai ta dawo. Ina faɗin wannan ne saboda abu na farko da nake ji a gidaje shi ne neman mai laifi, wani yace likita ne bai kwashe duka ba, wata tace ai dan an fasa zuwa wajen mai magani ne, wata ma kishiya za ta ambata. Ba sakacin kowa bane wallahi.

Gaskiyar da ba a son ji: in ta dawo a wannan matakin da wuya a ce an warke gaba ɗaya. Amma ba wai an naɗe hannu bane, ana danne ta, ana rage wahala, akwai masu ƙara shekaru suna harkokinsu. Abin da likita zai fara tambaya shi ne yaushe aka gama kemon farko. In an haura wata 6 kafin ya dawo, akwai kyakkyawan zaton maganin kemon nan kabofilatin zai sake aiki, in kuma bai kai wata 6 ba sai a canza wani. Shi yasa takardun nan da kuke cusawa a leda a ƙarƙashin katifa suke da daraja, ranar allurar ƙarshe, sakamakon hoto, awon jinin CA-125, a haɗa su waje ɗaya kuma mutum ɗaya ya riƙe. Ba yau Yaya ya raka ta asibitin Shika gobe auta jibi matar ƙani ba, kowa ya dawo da nasa labarin a gurup ɗin WhatsApp na gida. Kuma in kun shiga wajen likita ku buɗe baki ku tambaya: wannan maganin me ake so ya yi mata, wace wahala zai ba ta, in ba a yi ba me zai faru? Ba rashin kunya bane.

Sai maganar gaya mata. Ni ban ce a faɗo ɗaki a ce Mama likita yace kaza ba, a'a. Tambayarta ake yi, "Mama kina so likita ya yi miki bayani da kanki ko mu ji mu gaya miki?" Wata za ta ce ku dai ku ji, shikenan an girmama ta. Wata kuma tana da bashin da take son biya, da adashin da ke hannunta, da wasiyya, da 'yar uwar da suka shekara ba sa magana, in kun rufe ta kun hana ta duk wannan. Kuma ku tuna da alkunya, uwar da ko sunan ɗan farinta ba ta faɗa, ba za ta gaya masa kwana huɗu ba ta zaga ba, sai dai tace "da sauƙi". Ku nemo wadda take sakin jiki da ita, ƙanwarta ko auta ko jika, ita za ta ji gaskiyar jikin.

Abinci kam nan ake faɗa. An tuƙa tuwo an yi miyar kuka da man shanu, ta yi loma biyu ta ture, sai 'ya ta fashe da kuka wai Mama ba ta son ta warke. Ba haka bane, ruwa ne ya taru a ciki ya danne tumbi, wajen ya ƙanƙance. A ba ta kaɗan kaɗan sau shida ko bakwai a ƙaramin kwano, kunun gyaɗa, fate mai ruwa ruwa, farfesu, dafaffen ƙwai, abin da ranta ya so dai. In tana kan kemo a kiyayi nonon talla da ba a san yadda aka dafa ba da salak ɗin da ba a wanke sosai ba. Ruwan cikin nan kuma ana zuƙe shi a asibiti da siririn bututu, lita da yawa ke fita, numfashi ya dawo ta samu barci, zai sake taruwa amma ana iya maimaitawa. Kar a bari wani ya tsaga ko ya yi mata ƙaho a ciki dan Allah.

Zafin ciwo ba jarumta bane a ce sai ta daure. In farasitamol ya gaza akwai mofin na sha, maganin kashe zafi mai ƙarfi, ana bayarwa a kan lokaci yadda likita ya rubuta, ba sai ta fara murƙususu ba, kuma shan sa ba ya nufin an sallama ta, ba kuma zai mai da ta 'yar ƙwaya ba. Yana dai ɗaure ciki, sai a haɗa da maganin sassauta bayan gida tun ranar farko. Ku tambayi masu kula da rage raɗaɗi tun da wuri, ba sai ƙarshe ba.

Akwai abubuwan da ba a jira gari ya waye: zazzaɓin da ya kai 38 a tamomita tana kan kemo, musamman sati ɗaya zuwa biyu bayan allura lokacin da sojojin jini suka yi ƙasa, ko amai ba tsayawa ga ba bayan gida ba tusa, wannan hanji ne ya toshe, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ko numfashi ya sarƙe farat ɗaya. Ko ƙarfe biyun dare ne a nemi mota, shi yasa nake cewa a ajiye lambar mai mota ko mai keke ɗaya da tamomita a ɗakin.

Addu'a da sauka da zamzam ba mai hana ku, mu ma muna yi. Wanda nake tsoro shi ne jarkar jiƙon da ba a san me ke ciki ba, an sayar da fili an saya, ga shi kabofilatin da ƙarfin ƙoda ake auna shi, in jiƙo ya taɓa ƙodar an rufe ƙofar da ta rage. Duk abin da take sha ku nuna wa likita. Sallah kuma in tsayuwa ta gagara a zaune, in zama ya gagara a kishingiɗe, haka ya zo a hadisin Imrana bin Husaini, ku tuna mata dan da yawansu abin da ke cin ransu kenan fiye da ciwon.

Ke kuma mai jinya, wadda kullum ke ce a kan tabarma gefen gado, ki yarda a karɓe ki ko kwana biyu ne a sati. Maza ku ma ba turo kuɗi kaɗai bane naku. Sannan 'ya'ya mata da ƙannen Hajiya, wani kason ciwon nan gado ne ta ƙwayar halittar BRCA, mai haɗawa da kansar nono, ku gaya wa likita tarihin gidanku. Awon bakin mahaifa ba ya gano wannan, in kumburin ciki da saurin ƙoshi da yawan fitsari sun ƙi tafiya sati biyu uku, a je a duba, a daina cewa ulsa.

Hajiyar Tudun Wada dai a ƙarshe ƙanwarta ce ta zaunar da su gaba ɗaya. Da aka tambaye ta me take so, ba ta ce Indiya ba ba ta ce Masar ba, cewa ta yi a matso da bikin jikarta. Aka je aka zuƙe ruwan ana jibi kamu, aka sa mata kujera a tsakar gida da filo biyu a baya, tana ta faɗan an cika gishiri a waina.