"Arts" ba zane-zane ba ne, "Humanities" kuma ba jin ƙai ba ne

Tun watan Oktoban 2025, da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayyar Najeriya ta ce ɗalibin "Arts" da "Humanities" ba sai ya ci lissafi ba kafin ya samu gurbi a jami'a, kalmomin nan biyu suke shan wahala a bakin mutanenmu. A rediyo na ji an ce "ɗaliban zane-zane". Wani ya ce "ɗaliban fasaha", kalmar da muke kiran aikin injiniya da ita. Wanda ya fi ƙona mini rai, a wani zauren WhatsApp na 'yan Agege wani ya rubuta "masu karatun jin ƙai", don kawai kalmar ta yi masa kama da sunan ma'aikatar nan mai rabon tallafi.

Kowa ya san a ajin farko na babbar sakandare ake raba yara gida uku: kimiyya, kasuwanci, da Arts. 'Yan Arts su ne masu adabin Turanci, darasin gwamnati, tarihi, addini, da harsuna irin su Larabci, Faransanci, Hausa ko Yarbanci. Zane darasi ɗaya ne a cikin tarin nan, ba kuma dole ba ne.

Asalin "Humanities" daga Latin ne, humanitas, wato mutuntaka. Malaman Italiya na ƙarni na 15 sun sa wa karatun nahawu da balaga da waƙa da tarihi da falsafar ɗabi'a wannan suna, don a ganinsu shi ne karatun da ke mayar da ɗan Adam mutum. Bahaushe ya san wannan bambanci sarai. In an ce "wane ba mutum ba ne", ai ba ana nufin aljani ne ba.

"Arts" ta fi ba ni dariya. A jami'o'in Turai na da, fannoni bakwai ake kira da wannan suna. Uku na farko su ne nahawu da mandiƙi da balaga. Duk wanda ya taɓa zama a kan buzu gaban malamin zaure, ko a Kano ko a Idi-Araba ta Legas, ya san sunayen nan, domin su ake kira ilimin kayan aiki kafin a shiga tafsiri. Sauran huɗun kuwa? Lissafi, ilimin awon siffofi, kiɗa, da ilimin taurari. Wato lissafin da ake murnar an raba 'yan Arts da shi, ɗan gida ne tun fil azal. Larabawa sun fi mu dacewa da suna, tsangayar Arts a jami'o'insu Kulliyyatul Adab ce, kuma daga wannan "adab" muka samo adabi da ladabi gaba ɗaya. Da ni ake shawara, da "ilimin adabi da zamantakewa" muka ce, mu huta.

Abin da ya sa nake ta da jijiyar wuya, fassarar banza tana da illa. Yayana mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 ta Legas, da 'yarsa ta ce Arts take so, sai ya aje buhun da yake ɗinkewa ya ce, "Ina biyan kuɗin makaranta ki je ki koyo zanen fulawa?" Yarinyar ta juyo wajena idonta ya ciko, ta ce, "Baffa, ka faɗa masa lauya nake son zama." Na ce, "Yaya, lauyan da ka biya wancan watan kan rigimar rumfa, ta wannan ajin ya bi. JAMB ba ta ba wa yaro gurbin karatun lauya sai da adabin Turanci." Ya yi shiru, ya ce shi dai ya san ajin da ake tura waɗanda lissafi ya kayar ne. Ban iya musa masa ba, don makarantu da yawa haka suke yi, da sakamakon lissafi na aji uku na ƙaramar sakandare suke rabon, kamar mai tsince tumatirin da ya fashe.

Ma'aikatar Ilimin ma daga baya ta fito ta ce lissafin yana nan daram, kowane ɗalibi sai ya rubuta shi a jarrabawar kammala sakandare. Ita dai yarinyar tana ajin Arts yanzu, uban kuma ya sa ta riƙe masa littafin bashin masu sari duk ranar Asabar.