Kamfanin Del Webb

Del Webb kamfanin gine-gine ne na ƙasar Amurka wanda ya yi suna wajen gina garuruwa da unguwanni na musamman domin mutanen da suka yi ritaya. Delbert Eugene Webb ne ya kafa shi a birnin Phoenix na jihar Arizona a shekarar 1928, a matsayin ƙaramin kamfanin kwangila. Garin Sun City da ya buɗe ranar 1 ga Janairun 1960 shi ne aikin da aka fi saninsa da shi, kuma shi ne ya zama abin koyi ga masu wannan sana'a a Amurka. Tun 2001 kamfanin ya daina cin gashin kansa, ya koma ƙarƙashin kamfanin Pulte, wanda har yanzu yake sayar da gidaje da sunan Del Webb.

Garuruwan kamfanin ba gidajen jinyar tsofaffi ba ne. Mai saye yana mallakar gidansa ne kamar kowane gida, yana dafa abincinsa, yana tuƙa motarsa. Abin da ya bambanta su shi ne sharaɗin shekaru da aka gindaya wa mazauna, da kuma wuraren wasanni da nishaɗi da ake ginawa tare da gidajen.

Wanda ya kafa shi

An haifi Del Webb a garin Fresno na jihar Kalifoniya ranar 17 ga Mayun 1899. Bai kammala sakandare ba. Ya koyi kafinta tun yana matashi, yana haɗawa da buga wasan besbol (wasan Amurkawa na ƙwallo da sanda) a ƙananan ƙungiyoyi, inda ya so ya yi sana'a. Zazzaɓin taifot da ya kwantar da shi a wajajen ƙarshen shekarun 1920 ne ya raba shi da wasan, ya koma Phoenix domin busasshiyar iskar hamada ta taimaka masa ya murmure.

A can ya samu aikin kafa ƙofofi a otal ɗin Westward Ho da ake ginawa a lokacin. Labarin da aka saba bayarwa game da farkon kamfanin shi ne, wani ɗan kwangila da Webb yake yi wa aiki ya gudu ya bar ginin wani kanti a rabi, sai mai kantin ya nemi Webb ya ƙarasa. Da kayan aikin da mutumin ya bari ya fara: injin kwaɓa siminti ɗaya, baro goma, shebur ashirin da diga goma. 

Kwangilolin yaƙi, besbol da Las Vegas

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya ɗaga kamfanin daga na cikin gari zuwa ɗaya daga cikin manyan 'yan kwangilar yammacin Amurka. Gwamnati ta ba shi ayyukan barikin soja da filayen jiragen yaƙi a Arizona da Kalifoniya. A 1942 ya gina sansanin Poston a kusa da kogin Kolorado, inda gwamnatin Amurka ta tsare mutane 'yan asalin Japan, mafi yawansu kuwa 'yan ƙasar Amurka ne haifaffu. Mutanen da aka tsare a wurin sun haura 17,000. Wannan aiki na daga cikin abubuwan da ake sukar tarihin kamfanin a kansu.

Darasin da kamfanin ya koya a shekarun yaƙi shi ne gina gari sukutum a kan fili fetal cikin ƙanƙanin lokaci, da hanyoyi da ruwa da wuta. Ya sake amfani da shi a farkon shekarun 1950 lokacin da ya gina garin San Manuel domin ma'aikatan wani kamfanin haƙar tagulla a kudancin Arizona.

A 1945 Webb tare da Dan Topping da Larry MacPhail suka sayi ƙungiyar besbol ta New York Yankees a kan dala miliyan 2.8. A tsawon shekarun da ƙungiyar take hannunsa ta ci kofin zakarun ƙasar sau goma, kafin a sayar da mafi yawan hannun jarinta ga kamfanin watsa labarai na CBS a 1964. Mallakar Yankees ta buɗe wa Webb ƙofofin 'yan siyasa da attajirai, ta kuma sa talakan Amurka ya san sunansa tun kafin a fara sayar masa da gida.

A Las Vegas kuma, kamfanin ne ya gina otal ɗin Flamingo a 1946, wanda ɗan dabar nan Bugsy Siegel yake jagoranta. Webb ya sha ba da labarin yadda Siegel ya kwantar masa da hankali da cewa su a junansu kawai suke kisa. An harbe Siegel a 1947. Daga baya kamfanin ya shiga harkar gidajen caca da kansa, ya mallaki otal ɗin Sahara a 1961 da wasu a jihar Nevada.

Sun City

Ba Webb ne ya fara tunanin garin tsofaffi zalla ba. Tun 1954 wani dillalin filaye mai suna Ben Schleifer ya kafa Youngtown a arewa maso yammacin Phoenix, ƙananan gidaje masu araha da ba a yarda yara su zauna ba. Youngtown ya samu masu saye, amma ba shi da wuraren nishaɗi na a zo a gani. Manyan ma'aikatan Webb, musamman Tom Breen da L. C. Jacobson, suka lura cewa akwai kasuwa, kuma abin da ya rage shi ne a ba tsofaffin abin yi.

Lokacin ma ya dace. Tsarin fanshon gwamnati da aka kafa a 1935 ya fara kai wa ga jama'a da yawa, kamfanoni sun fara biyan fansho bayan yaƙi, kuma ma'aikata da dama sun gama biyan bashin gidajensu a jihohin arewa masu sanyi. Irin wannan mutum zai iya sayar da gidansa a Chicago ko Detroit, ya sayi sabo a Arizona, har ya rage canji. Na'urar sanyaya ɗaki kuwa ta yi araha, abin da ya sa zama a hamadar da zafinta kan wuce digiri 40 ya zama mai yiwuwa ga ɗan shekara saba'in.

Filin da aka zaɓa gonar auduga ce ta iyalin Boswell a wani wuri da ake kira Marinette, dab da Youngtown. A 1959 aka ƙulla yarjejeniya da James G. Boswell na Biyu, aka kafa wani kamfani na haɗin gwiwa wanda Webb yake da kashi 51 cikin 100, Boswell yake da 49. Tsarin ya yi wa ɓangarorin biyu daɗi: Boswell ya ci gaba da noman audugarsa a sauran filin, ana yankar wa magina gwargwadon abin da suke buƙata, don haka Webb bai zuba kuɗi a ƙasar da bai tashi ginawa ba.

Shawarar da ta fi muhimmanci ita ce a gina kayan more rayuwa kafin a sayar da gida ko ɗaya. A wancan zamani 'yan damfarar filaye sun cika Filorida da Arizona, suna nuna wa mutane zanen tafki da filin wasa a takarda, a biya kuɗi a tarar da daji. Saboda haka ranar da aka buɗe Sun City, baƙi sun tarar da filin golf mai rami tara, da wurin ninkaya, da zauren taro, da ɗakunan sana'ar hannu, da rukunin kantuna, da gidaje biyar na samfuri da aka ƙawata da kujeru da labule. Mafi arahar gidajen, mai ɗakin kwana biyu, dala 8,500 ne. Kamfanin ya yi tsammanin baƙi 10,000. An ƙiyasta cewa kimanin 100,000 ne suka zo a kwanaki ukun farko, motoci suka yi cunkoso a babban titin da ya taso daga Phoenix, aka sayar da gidaje 237. A watan Agustan 1962 mujallar Time ta sa hoton Webb a bangonta.

Da farko sharaɗin shi ne ɗaya daga cikin ma'aurata ya kai shekara 50, kuma babu yara 'yan makaranta. Tallan kamfanin bai ambaci tsufa ko rashin lafiya ba. Hotunansa na masu furfura ne riƙe da sandar golf ko suna rawa. Ya kuma ɓullo da wata dabara ta ba masu sha'awa masauki mai rahusa na kimanin mako guda a cikin garin, su yi wasa da mazauna, su ci abinci da su. Da yawa sukan sa hannu kafin su koma gida.

Nasarar ba ta tafi a miƙe ba. Kamfanin ya yi gaggawar buɗe wasu garuruwan a farkon shekarun 1960: Sun City Center a Filorida, Kern City a kusa da Bakersfield, da wani Sun City a gundumar Riverside ta Kalifoniya. Babu wanda ya yi kasuwa kamar na Arizona, daga baya aka sayar da su. A Arizona ɗin ma ciniki ya faɗi warwas a tsakiyar shekarun 1960. John Meeker, wanda ya karɓi ragamar aikin a 1965, ya sauya salo: gidaje manya masu tsada, tafkunan da aka haƙa, tituna masu zagaye da ake gane garin da su daga sama, filin taron Sun Bowl inda ake kawo mawaƙa, da asibitin Boswell da aka buɗe a 1970. Asibitin ya nuna cewa kamfanin ya amince da abin da tallansa yake ɓoyewa, wato mazaunan za su tsufa a nan. An kammala Sun City a wajajen 1978, aka fara Sun City West a wannan shekarar. Ƙidayar 2020 ta nuna mutanen Sun City sun kusa 40,000.

Yadda kasuwancin yake

Ribar kamfanin daga sayar da sababbin gidaje take fitowa, da ƙarin kuɗin da ake ɗora wa filin da ke kallon tafki ko filin golf, da kayan ƙawa da mai saye ya zaɓa. Hanyar tana cin jari mai yawa tun farko, domin sai an sayi dubban eka, an shimfiɗa hanyoyi da wuraren wasa, sannan a shafe shekara goma ko ashirin ana sayarwa. Amfaninta shi ne masu sayen sukan biya kuɗi hannu ko su ci bashi kaɗan, don haka hauhawar kuɗin ruwa ba ta taɓa su kai tsaye. Rauninta kuma shi ne yawancinsu sai sun sayar da tsohon gida, idan kasuwar gidaje ta mutu a jihohinsu ciniki ya tsaya.

Idan gari ya cika, kamfanin yakan miƙa wuraren nishaɗin ga ƙungiyar mazauna, su riƙa biyan kuɗin shekara. Sun City ba shi da magajin gari ko majalisa, gundumar Maricopa ce take kula da shi, kuma mazaunan sun sha ƙin amincewa da mayar da shi birni. Masu aikin sa-kai ne suke sintiri da sharar tituna. Ƙananan motocin golf suna yawo a kan titi kamar kowace mota.

Doka da taƙaddama

Gyaran da aka yi wa dokar gidaje ta Amurka a 1988 ya haramta hana iyali masu yara gida, amma ya keɓe unguwannin tsofaffi. Dokar 1995 ta fayyace sharaɗin: aƙalla kashi 80 cikin 100 na gidajen da ake zaune a ciki su kasance da mutum ɗaya mai shekara 55 ko fiye. A Sun City ba a yarda wanda bai kai 19 ba ya zauna dindindin, jikoki sai dai ziyara ta ƙayyadadden lokaci. Youngtown ya rasa nasa sharaɗin a 1998.

Babbar rigimar da aka yi ita ce ta harajin makarantu. Mazauna Sun City sun yi ta kada ƙuri'ar ƙin amincewa da kuɗin gina makarantu a yankin makarantu na Peoria, wanda garin yake ƙarƙashinsa a lokacin, har a 1974 aka cire garin daga yankin. Masu suka suna cewa irin waɗannan garuruwa suna raba tsofaffi da sauran al'umma, kuma mafi rinjayen mazaunansu fararen fata ne. Mazaunan kuma suna cewa sun biya nasu harajin a inda suka raini 'ya'yansu.

Bayan rasuwar Webb

Webb ya rasu ranar 4 ga Yulin 1974 a Rochester ta jihar Minnesota, bayan tiyatar ciwon dajin huhu. Kaso mai yawa na dukiyarsa ya tafi gidauniyar da ke ɗauke da sunansa, wadda take tallafa wa harkar lafiya.

Kamfanin ya shiga mawuyacin hali a shekarun 1980. Gidajen cacarsa, har da Claridge na Atlantic City, sun jawo masa bashi da binciken hukumomi. Philip Dion, wanda ya zama shugaba a 1987, ya sayar da otal-otal da gidajen cacar, ya mayar da hankali kan abin da kamfanin ya fi iyawa. Daga nan aka buɗe sababbin garuruwa a jere: kusa da Tucson, Summerlin a Las Vegas, Palm Desert da Roseville a Kalifoniya, Hilton Head a Karolina ta Kudu, Georgetown a Texas, da Sun City Grand a kusa da Phoenix a 1996. A ƙarshen shekarun 1990 aka gina na Huntley a kusa da Chicago, karo na farko a yankin da ake ƙanƙara, domin bincike ya nuna wa kamfanin cewa yawancin masu ritaya ba sa son yin nisa da 'ya'ya da jikoki. A 1999 ya buɗe Anthem a arewacin Phoenix, wanda kowa zai iya zama ba tare da sharaɗin shekaru ba.

A 2001 kamfanin Pulte Homes ya sayi Del Webb a kan kimanin dala biliyan 1.8, idan aka haɗa da bashin da ya ɗauka. A shekarar ne kuma 'yan farkon tsarar da aka haifa bayan yaƙi, tsakanin 1946 da 1964, suka cika 55.

A yau

Del Webb suna ne a ƙarƙashin PulteGroup mai hedikwata a Atlanta. Unguwannin da yake ginawa yanzu ƙanana ne idan aka kwatanta da Sun City, kuma sun fi kusa da manyan birane. Cikin masu gogayya da shi akwai The Villages na Filorida, wanda yawan mazaunansa ya zarce na Sun City.