Kashin shanu ba na mayo ba ne

Sau uku ke nan a makon nan ina cin karo da abu ɗaya a Marwa, a arewacin Kamaru: yaro ya turo baro shaƙe da kashin shanu, ya juye a yashin Mayo Kaliyawo, rafin da ya ratsa garin (mayo shi ne rafi da Fulatanci), ya karkaɗe baro ya koma gida. Na tambayi ɗayansu wa ya aiko shi, sai ya ce, "Baba ne ya ce damina za ta kwashe."

Ta kwashe ta kai ina, Alhaji?

Masu shanun tatsa a cikin gari, ina ganin ƙoƙarinku. Kindirmon da muke sha da safe daga turakunku yake fitowa, kuma na san abin da dusa da angurya suke ci a aljihunku. Amma wannan ɗabi'a ta ishe ni. Yashin da kuke juye kashi a kai, shi mata da yara ke tonawa da rani su ɗebi ruwa. Wata ma da ruwan za ta wanke ƙwaryar da ake tatsar nononku. Ranar da ruwan farko ya sauko, duk tulin nan ya bi mayo, ya tsiyaya cikin rijiyoyin bakin gaɓa, sai a fara jigilar yara asibiti da gudawa, kowa na cewa sauyin ruwa ne. Ba sauyin ruwa ba ne, kashin saniyarka ne.

Abin da ya fi ba ni takaici, kuɗi kuke zubarwa. Manoman albasa na bakin Mayo Tsanaga kullum kukansu tsadar takin zamani, ƙasarsu ta gaji, kai kuma kana tura taki cikin yashi kyauta. Wanda ya bar shi jibge a jiƙe bayan katanga shi ma bai tsira ba: ga ƙuda, ga wari, ga iskar da ke tashi daga ciki tana ƙara ɗumama duniya.

Abin yi ba wuya. A haƙa rami nesa da rijiya, aƙalla mita 30. A zuba kashi, a bi da kara ko ragowar ciyawa, a yayyafa toka, a rufe. A riƙa juyawa. Cikin wata 2 zuwa 3 ya zama taki. Ruwan wankin turke a ja shi gindin bishiya, kada a sake shi a kwata.

Hajiya, in Alhaji ya tafi kasuwa, ke ce ke ganin fitar baron nan. Don Allah ki tare yaron a zaure.